Aji Dabam, Mumbari Dabam

A cikin shekarar 2004, hukumar makarantun wani ƙaramin gari da a ke kira Dover, a Jihar Pensilbaniya ta Amurka, ta zartad da wata doka. Ta ce kafin a koya wa yara ra'ayin Darwin, watau cewa masu rai sun fito daga tushe guda suna sāke kama sannu a hankali, lalle a karanta musu sanarwa cewa ra'ayin yana da giɓi, a kuma nuna musu littafin da ke koyar da abin da su ke kira "Tsari Mai Hikima". Iyaye 11 suka kai ƙara, domin tsarin mulkin ƙasar ya hana makarantun gwamnati ɗaukar ɓangaren wani addini.

To, abin da ya jawo hankalinmu shi ne mutumin da ya fara ba da shaida a madadin iyayen a 2005. Sunansa Kenneth Miller, a lokacin shehun malami ne na ilmin halittu a Jami'ar Brown, yana kuwa cikin mawallafan littafin da yaran Dover su ke karantawa. Har wa yau ɗan ɗariƙar Katolika ne mai riƙo da addininsa, wanda ya wallafa littafi a 1999 don nuna cewa imani da ilmin halittu ba su saɓa wa juna ba.

Hujja ya kawo wa alƙali. Ya ce zaruruwan gado da ke cikin ƙwayar jikin mutum, watau kuromosom, tagwaye 23 ne, na manyan birai kuwa 24. In dai asalin guda ne, tilas a sami wurin da biyu suka haɗe. An kuwa same shi a kuromosom na 2, da alamar mahaɗin a tsakiyarsa. Wannan shi ne ilmin kimiyya, magana wadda za a iya gwadawa, ta tsaya ko ta faɗi.

Game da addini, ra'ayinsa shi ne wanda ya jingina imaninsa ga abin da masana ba su gano ba tukuna, ya yi gini a kan rairayi, gama ran da aka gano, ginin ya rushe. Cocinsa ma ba ta hana binciken ba. Paparoma Pius na 12 ya yarda da shi a 1950, bisa sharaɗin cewa ruhu Allah ne ke halittarsa, Paparoma John Paul na 2 kuma ya ƙarfafa haka a 1996.

Ran 20 ga Disamba 2005 Alƙali John Jones ya yanke hukunci cewa "Tsari Mai Hikima" koyarwar addini ce, ba kimiyya ba. Tun kafin nan mutanen garin sun kā da wakilai 8 na hukumar a zaɓe, daga baya kuma makarantun suka biya fiye da dala miliyan 1 kuɗin shari'a.

Mu dai a ganinmu Miller ya yi daidai. Mun sani akwai masu addini da yawa waɗanda ba su yarda da Darwin ba, kuma hakkinsu ne su koya wa 'ya'yansu aƙidarsu a gida da wurin ibada. Amma a sa wa aƙida rigar kimiyya a shigar da ita aji ta ƙofar baya, wannan ya rage darajar su biyun. Yaro amana ne a hannun malami, lalle ne a faɗa masa kowane abu da sunansa na gaskiya.