Rabin kadada a tsibirin Jawa: gonar da ba ta ciyar da mai ita, amma ba ya son rabuwa da ita

A ranar 8 ga Fabrairun 2022, ɗaruruwan 'yan sanda suka shiga wani ƙaramin ƙauyen manoma mai suna Wadas, a gundumar Purworejo ta lardin Jawa ta Tsakiya, ƙasar Indonesiya. Rakiya suka yi wa ma'aikatan awon fili. Gwamnati na son fasa dutsen da ke ƙarƙashin gonakin ƙauyen domin ta gina madatsar ruwa ta Bener, wani ɓangare na mutanen garin kuma ya ce bai yarda ba. An kama mutum fiye da 60, aka sake su washegari, gwamnan lardin na lokacin, Ganjar Pranowo, ya fito ya nemi afuwa.

Ba ƙwace aka ce za a yi ba. An yi alkawarin diyya, kuɗin da mai 'yar gonar gahawa da kanumfari zai shekara goma bai tara irinsa ba. Me zai sa talaka ya ƙi? Ra'ayina shi ne masu ƙin sun fi masu awon sanin darajar abin da ake aunawa.

Jawa (sunan da mutanen Makka suka daɗe suna kiran alhazan wannan yanki da shi) tana ɗauke da mutum sama da miliyan 150 bisa ƙidayar 2020, wato fiye da rabin al'ummar Indonesiya, a kan kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasarta. Ƙidayar manoma ta 2023 ta samu sama da miliyan 17 da ke noma ƙasa da rabin kadada, mafi yawansu a Jawa. Suna da suna na musamman, petani gurem. Ƙasar tana da albarka saboda tokar duwatsu masu aman wuta, inda akwai ban-ruwa kuma ana girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Duk da haka, idan aka cire kuɗin taki da iri da lada, rabin kadada ba ta ɗaukar kuɗin makaranta da na asibiti.

Abin da ke ɗaukarsu shi ne tafiya. Maza na leburanci a gine-ginen Jakarta da Surabaya, matasa na masana'antun Bekasi da Tangerang, mata kuma na aikatau a Hong Kong da Taiwan da Malesiya. Bahaushe zai ce ai cin rani ke nan, amma akwai bambanci. Ɗan cin rani yana komowa da faɗuwar damina, su kuwa waɗannan shekara suke yi, wasu shekaru, tsofaffi ne ke riƙe da gona. Kuɗin da suke aikowa ne ke sayen taki, ya mayar da bangon gora na bulo, ya sayi babur. Sau ɗaya a shekara, gab da ƙaramar Salla, miliyoyi ke kwararowa gida a jirgin ƙasa da bas da babura, abin da suke kira mudik. A gaida iyaye a nemi gafararsu, a ziyarci kaburburan kakanni, bayan mako guda ƙauyen ya koma shiru.

Masana tattalin arziki da yawa na kallon wannan a matsayin asara. A ganinsu gara a haɗe ƙananan gonaki su zama manya, injin ya shiga, mutane su koma birni gaba ɗaya. Idan buhun shinkafa kaɗai ake ƙirgawa, hujjarsu ba ta da makusa. Amma birnin da ake tura mutane bai taɓa yi musu alkawarin riƙo ba. A rikicin kuɗi na 1997 zuwa 1998 darajar rufiya ta rushe, tattalin arzikin Indonesiya ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari a 1998, gine-gine suka tsaya cak. Leburorin da aka sallama ƙauye suka nufa, yawan masu aikin gona ya ƙaru a wannan shekara. Ga mutumin da bai da fansho, rabin kadadar nan ita ce fanshonsa, ita ce inshorarsa, a gefenta kuma za a binne shi.

Kuɗin diyya ba ya wannan aiki. A farkon 2021 hotunan ƙauyen Sumurgeneng na gundumar Tuban, a Jawa ta Gabas, suka cika intanet: manoma sun sayar da filayensu domin matatar mai da kamfanin Pertamina ke shirin ginawa, suka sayi sababbin motoci fiye da 100. Shekara guda bayan haka wasu mazauna yankin suka yi zanga-zangar neman aiki a wurin.

Kada dai a ɗauka ƙauyen Jawa aljanna ce. Mallakar ƙasa a can hawa-hawa ce, kuma nan ne maganar diyya ta fi rauni. Akwai mai gonar da sunansa ke takarda. Akwai mai noma gonar wani a raba amfani biyu, tsarin da ake kira maro. Akwai filin gari, tanah bengkok, wanda dagaci da muƙarrabansa ke nomawa muddin suna kan kujera, a da a madadin albashi, galibi kuma fili ne mai kyau. Can ƙasa akwai marasa ko taku ɗaya, waɗanda a da al'adar bawon ke rufa wa asiri: ranar girbi ƙofa a buɗe take, matan gari su shiga da 'yar wuƙar ani-ani suna yankan zangarniya ɗaya-ɗaya, kowace ta tafi gida da kasonta na abin da ta yanka. Masanin nan na Amurka Clifford Geertz, wanda ya yi bincike a garin Pare, ya bayyana irin wannan zama da raba talauci, ya faɗaɗa maganar a littafinsa na 1963. Masu sukarsa sun ce rabon bai taɓa zama daidai ba, kuma ina ganin sun fi shi gaskiya.

Dokar ƙasa ta 1960 ta yi niyyar rage wa manya ta ba ƙanana, amma kashe-kashen 1965 da 1966 suka binne yunƙurin. A shekarun 1970 sabon irin shinkafa ya zo da lauje da kuma tebasan, inda ɗan kasuwa ke sayen amfanin tun yana tsaye, ya kawo 'yan ƙwadagonsa ƙalilan. Amfani ya ƙaru har Indonesiya ta ciyar da kanta da shinkafa a 1984, matan ani-ani kuwa suka rasa ranar girbinsu. 'Ya'yansu da jikokinsu na cikin masu aikatau a Hong Kong yau.

A Wadas, daga baya mafi yawan masu filaye sun sa hannu sun karɓi kuɗi. Ban ga laifinsu ba, ganin maƙwabci ya sayar kuma 'yan sanda sun riga sun nuna inda aka dosa. Amma diyya takarda take bi. Mai noman rabi-da-rabi, da matar da ke saƙa kwandon gora daga gorar gonar wani, da ɗan da ke ɗora bulo a Jakarta yana lissafin inda zai koma ranar da aikin ya ƙare, babu sunan ko ɗayansu a cikin rajistar da ma'aikatan awo suka zo da ita.