Maganar awa 10,000 ta ishe ni

1/ Jiya a wani taron ɗalibai wani mai jawabi ya sake maimaita ta: wai duk wanda ya yi awa 10,000 a kan abu sai ya zama gwani. Aka yi ta tafi. Ni kam haushi na ji. Ku ɗan ba ni lokaci.

2/ Malcolm Gladwell ne ya yayata maganar a littafinsa Outliers na 2008. Ya ɗauko ta daga binciken Anders Ericsson na 1993 kan ɗalibai masu koyon gogen Turawa a Berlin. Matsakaicin awannin da na gaba-gaba suka tara zuwa shekara 20 ne fa, ba sharaɗi ba. Shi kansa Ericsson ya ce an juya masa magana.

3/ Binciken Gobet da Campitelli kan 'yan darar Turawa ya nuna wani ya kai matsayin gwani da awa wajen 3,000, wani sai da ya haura 23,000. To ina 10,000 ɗin?

4/ Abin da Ericsson ya jaddada shi ne irin atisayen. Ka tunkari inda kake da rauni, wanda ya fi ka ya nuna maka kuskure, ka gyara, ka sake.

5/ Ni shaida ce. Shekara biyu ina zanen fosta a waya, kullum har dare. Ran da na kai aiki wajen wani mai buga takardu, kallo ɗaya ya yi ya ce, "Wa zai karanta wannan daga nesa?" Wallahi wata uku da na yi a shagonsa sun fi shekara biyun nan.

6/ Mu ma mun san wannan a gida. Mai hadda ba ya zama gwani don ya daɗe yana tilawa shi kaɗai. Sai ya biya a gaban malam, an tsayar da shi, an gyara.

7/ Illar maganar: awa uku kullum, shekara tara da ɗoriya ke nan. Wani ya ji haka ya karaya tun bai fara ba. Wani kuma ya yi ta maimaita kuskure yana ƙirga awanni.

8/ Ba na ce a daina wahala ba, dole a sha ta. Amma kafin ka tambayi awa nawa, tambayi kanka: wa ke duba aikina? In babu, nemo shi a satin nan.