Mabuɗin Rumbu Yana Hannun Baba

Ranar awon yara a asibiti, mata ne ke cika benci. Su ake koya wa shayar da nono zalla har wata 6, da haɗa kunun gero da waken soya da gyaɗa. Amma mabuɗin rumbu da kuɗin cefane suna hannun maigida, wanda bai ji darasin ba. Shi zai kai wake da ƙwai kasuwa, yara su kwana da tuwo gaya.

Shi ya sa masu yaƙi da tamowa suke neman ubanni yanzu. Yaron da ya tsumbure cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, da wuya ya cika girmansa. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu suka haihu, amma wannan bai kai ga manomi ba. Ikkilisiya kuwa tana ganinsa kowace Lahadi.

'Yan'uwa, Afisawa 6:4 da ubanni take magana. Bari Zumuntar Maza ta gayyaci ma'aikacin lafiya. Miji ya raka matarsa awo, ya ɗebo ruwa tana jego, su shawarta tare kafin a sayar da amfanin gona.