Ɗari ya kama: a tuna da gwiwa kafin a hau moto

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram bayan sallar asuba cikin watan Janairu zai ga abin mamaki: mai moto ya naɗe kai da rawani, ya rufe ƙirji da jibgegiyar rigar bosho, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai wandon shadda da silifa. Alhali kuwa gwiwa da ƙwauri su ke fara karo da jaura.

Bisa lissafin masanan yanayi, idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 10, mutum kuma yana gudun kilomita 60 a awa, jikinsa zai ji kamar digiri 5. Wannan ba maganar jin daɗi ba ce kawai. A moto mai giya, ƙafar dama ke taka birkin baya, ta hagu ke sauya giya, kuma ƙafar da ta sandare ba ta cika umarni da sauri. Ni kaina na gani a hanyar Tasawa: akuya ta ratso kusa da Gazawa, ido ya gani, zuciya ta ce a tsaya, ƙafa kuwa sai da ta yi shawara. Allah ne ya kiyaye mu, ni da akuyar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman kauri. Wando mai kauri wanda iska ke ratsawa bai kai siriri guda biyu ba, muddin na saman yana tare iska. A sa wando mai kama jiki daga ciki, irin na ƴan wasanni, a ɗora jin ko kaki mai ƙarfi, sannan in tafiyar mai nisa ce a ƙara wandon ruwan sama. Ma'aikaci yana iya tuɓe shi a ƙofar buro ya naɗe, ba wanda ya sani. Sai dai leda ce: da ta taɓa bututun hayaƙi za ta narke, ta manne wa fata. A ɗaure bakinsa a idon sawu, musamman ta gefen da bututun yake.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya ninka tsohuwar jarida ya sa a kan gwiwa cikin wando. Tana tare iska ƙwarai. Har wannan ma ta yi, amma bayan an karanta ta.

Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne yafa bargo ko gwado a cinya, ko a saki babbar riga tana lilo, kamar yadda wasu ƴan kasuwa ke yi idan sun yi sammakon cin kasuwar ƙauye. Sarƙa da wayoyin ƙafar baya ba su san alhaji ba. Da sun kama gefen tufa, sai ƙasa.

Tsofaffin Yamaha Mate suna da garkuwar roba a gaban ƙafafu, masu su ba su san wannan wahala sosai ba. Manyan motocin 125 da ƴan kabu-kabu ke hawa ba su da ita, don haka mai hawansu shi zai nemi tasa.

Saura sawu. Takalmi rufaffe wanda ya haura idon sawu, da safa mai kauri, amma kada ya matse, domin matsi na hana jini gudu, sanyin ya ƙaru. Idan yatsu suka fara mutuwa a hanya, a sauka wurin mai shayi na farko, a ɗan tattaka kafin a ci gaba.