Koriyar Ciyawar Augusta Ba Abar Koyi Ba Ce

Duk watan Afrilu, gasar Masters kan haska wa duniya filin golf na Augusta National da ke jihar Jojiya ta Amurka: ramuka 18 a tsakanin dogayen bishiyoyi da tafkuna da furanni, ga ciyawa koriya shar kamar darduma. Tun daga nan sai mai ziyartar kowane fili ya riƙa auna shi da wannan, ya ga ciyawa ta ɗan yi ja ya ce an yi sakaci.

Wannan hukunci zalunci ne. Ana rufe Augusta tun daga ƙarshen Mayu har Oktoba, a sake shuka irin ciyawa kafin buɗewa, kuma a ƙarƙashin wuraren ramukan akwai na'urorin zuƙe danshi. Ba mai buga ƙwallo a can sai mamba ko baƙonsa. Filin da jama'a ke tattakawa shekara cur ba zai kamo shi ba, sai dai ya ƙarar da ruwa da taki da kuɗi. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, a riƙe masa ƙota. Amma ruwan na kowa ne, musamman a hamadar Arizona, wadda aka rage wa kasonta na Kogin Kolorado bayan ayyana ƙarancin ruwa a 2021.

Masu kare wannan ɗabi'a na cewa kyan fili ne ke jawo 'yan wasa. To, filin Pinehurst na 2 ya tuge ciyawar gefensa, ya maido da rairayi da tsirran asali, ya kuma karɓi gasar US Open a 2014. Wasan ma kansa a busassun gaɓoɓin tekun Sukotilan ya girma. Ɗan wasan ƙwarai tsarin fili yake dubawa, ba launinsa ba.