Oba-Oba a Kogin Binuwai: Da Wane Harshe Za a Nemi Ceto?

Jama'a, duk ɗan Sunkani yana tune da watan Oktoba na 2023, lokacin da jirgin ruwa ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo a ƙaramar hukumarmu ta Arɗo Kola zai nufi Binnari ta Karim Lamiɗo, ya kife a Binuwai da mutane sama da 100.

Ra'ayina shi ne a tilasta wa kowane matuƙi riƙe oba-oba. Wani zai ce ai akwai salula. To, salula mutum ɗaya take kira, shi ma in akwai sabis. Oba-oba kuwa, ka danna maɓalli ka yi magana, duk jirgin da ke kusa a tashar zai ji. Sai ka saki maɓallin, in ba haka ba amsa ba za ta shigo ba. Tasha ta 16 aka keɓe a duniya don neman ceto. Amma fa kilomita kaɗan ta hannu take kaiwa, don haka dole hukumar NIWA ta ajiye mai saurare a kowace mashaya.

Abin da ya shafe mu ɗalibai shi ne lafazin. Ƙa'ida ta ce a faɗi "Mayday" sau 3, kalma mai asali daga Faransanci, sannan sunan jirgi, inda yake, abin da ya faru da yawan mutane. Mutumin da ruwa ya kai wa gwiwa zai tuno wannan da Turanci? Ni da Hausa ba harshen gidanmu ba ce, na san da ita Bamumuye da Bafillace da Bajukune suke ciniki a bakin kogi. Sashenmu ya zauna da matuƙa, a tsara kiran cikin gajeriyar Hausa, a manna a jikin kowane jirgi.