Ƙumbar teku ba ta jure zafin Tchamba

Matasanmu na Tchamba da Sokode sun fara ƙwallafa rai a kan akwatin gilashi mai ruwan gishiri, da murjani, da ƙumbar teku mai shuɗin nama irin wadda suke gani a TikTok. Ɗan ƙanena ma ya tambaye ni wace fitila zai saya. Na ce masa ya haƙura tukuna, ba don ina ƙin ƙawa ba.

Wannan ƙumba, da masana ke kira Tridacna, ba ta tekun Lome ba ce. Mazauninta Bahar Maliya ne da tekun Indiya da na Fasifik. Abin al'ajabi a halittarta shi ne a cikin namanta wasu ƙananan tsirrai ke zaune, ido ba ya ganinsu, su ke karɓar hasken rana su sarrafa mata abinci. Ke nan fitila a wurinta tuwo ce. Sai an kunna mata LED mai shuɗi da fari, mai ƙarfin gaske, awa 8 zuwa 12 kullum, ruwan kuma ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 27, da gishiri giram 35 a kowace lita. To a watan Maris, lokacin da kwanon ɗaki ke gasa mutum a Dapaong, wa zai sanyaya wannan ruwa idan aka ɗauke wuta rabin yini?

Kuma ba duka suka zama ɗaya ba, a nan mai saye ke rufta. Crocea ce ƙaramarsu, ba ta cika wuce santimita 15 ba, tana huda dutse ta zauna ciki, ita ta fi kowacce yunwar haske. Maxima ta fi ta tsawo, da ƙananan ɓawo jere a bayanta. Squamosa ɓawonta manya ne a buɗe, derasa kuwa bayanta sumul, su biyun sun fi haƙuri da haske matsakaici. Gigas tana haura mita 1 da kilo 200; wanda ya sayo jaririyarta bai san abin da ya ɗauko ba. Launin nama ba ya nuna iri, sai an juya an duba bayan ƙumbar. Dukkansu kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES tun 1985, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. A ganina, sayen mai rai da ba ka san irinsa ba, ba ka da halin ciyar da shi, zalunci ne ko da kuɗinka ne.

Abin da ke damuna, muna da namu mun raina. Gartsa da ƙurungu, da masunta ke kamawa a kogunanmu irin su Oti, su ne Turawa ke saye su ajiye a falo. Wani irin ƙurungu ma a rigingine yake iyo. Gartsa tana da huhu, tana leƙowa sama ta shaƙi iska, saboda haka ɗauke wuta ba ya kashe ta nan take, ba ta kuma neman gishiri ko fitila mai tsada. Akwati mai faɗi take so, da yashi a ƙasa, da wurin ɓuya, da murfi mai kyau, domin tana tsalle ta fice da dare.